Zeinabou da Harkar Ƙwayoyi

Tompkinsville, New York
8 ga Fabrairu, 2015

Yaya Hidaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da ɗanki Oumarou da iyalinsa, da duk mutanen Mirriya da ke tunawa da ni, in da saura. Ya lambu? Ya albasar bana? Ya kuma jikin jikarki Raudatu? Abdou, ɗan kasuwar nan da ke kai mana saƙo gida, ya ce da ya je ya tarar amosanin jinin ya sake kwantar da ita sati biyu. Yarinya 'yar shekara tara, a ce ta fi sanin gadon likita da bencin lakwal, wato makaranta. Allah ya ba ta lafiya. Ki gaida yayarta Nimatu.

Ni dai ina nan. Gwiwoyina ne suka ajiye aiki ba su gaya mani ba. Shekara ashirin da shida ke nan ina tsaye a Canal Street ina sayar da jaka da bel da tabarau. Kullum da safe in hau jirgin ruwa in wuce gunkin matar nan mai ɗaga fitila. Ni da ita mun saba, duk cikinmu ba wanda aka taɓa ce wa ya zauna ya huta.

Kin aiko a tambaye ni Zeinabou, ɗiyata kuma ɗiyarki, me ya sa shiru. Yaya, ni da muke gari ɗaya ma shirun nake ji. Tun rasuwar uwarta ta shiga harkar ƙwayoyi tsundum, ba ta da lokacin kowa. Ta rame, idanun nan sun yi ja. Na ce ta bari haka, ta ce yanzu ba za ta iya bari ba. Sunanta kuma ya shiga takardu, wai an ambace ta sau ɗari uku da wani abu, har a Jamus da Indiya. Watan jiya hukuma ta kira ta Washington, kwana uku tana yi masu bayani kafin su bar ta ta dawo. Ni an ambaci sunana fiye da haka a Canal Street, ban ga abin da ya ƙare ni da shi ba.

In na yi mata Hausa, da Turanci take amsawa. Karatun da na tsaya cikin sanyi na ga ta yi, ga inda ya kai mu. Amma kar in ɗauki alhakinta. Ba ta taɓa ɗaga mani murya ba, kuma takalman ɗumin da ke ƙafata yanzu ita ta kawo su, ba tare da na tambaya ba.

Ta ba Abdou wani ɗan ƙunshi a kai wa Oumarou, ta ce sun yi magana da shi. Ban san abin da ke ciki ba, ta dai ce na aikinta ne, kar a buɗe a hanya. Ki ba shi hannu da hannu.

In kilishi ya samu, mai yaji.

Ƙanenki,
Alkasim

*

Mirriya
30 ga Maris, 2015

Alkasim,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Raudatu ta tashi, albasa ta yi kyau. Gaisuwar ke nan, ba ni da zuciyar tsawaita ta.

Da hannuna nake rubuta maka, karatun yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba, don ba zan ba wani ya rubuta mani abin kunyar nan ba. Innalillahi. Yarinya ta shiga ƙwaya, ta rame, ido ya yi ja, ta ce ba za ta iya bari ba, hukuma ta tsare ta kwana uku, kai kuma ka kawo maganar tsakanin gwiwa da kilishi! Wane irin uba ne kai? Dama na ji tsoro tun da aka ce aikinta kusa da magani ne. Ɗan mai faci na bakin tasha ma haka ya fara, daga ƙwaya ɗaya don ƙarfin aiki, yanzu da bishiya yake hira.

Ƙunshin nan na buɗe shi. Wasu tsinkaye ne dogaye masu kan auduga, da 'yan kwalabe a liƙe, da takarda duk Turanci. Ba zan sa ɗana a wannan hanya ba. Allah ya taimake ni Oumarou ya tafi Dirkou da babbar mota tun kafin Abdou ya iso, can kuwa ba a samunsa. Na tona rumbun albasa na binne abin a ƙasa. In soja suka zo, sai su kwashe buhu arba'in kafin su gan shi.

Kar ka kira ni. An ce a ƙasarku hukuma na sauraron waya. Na cire wa salulata batir na sa a ƙasan adaka, matar Oumarou, uwar yaran, ma da ita take amfani, na ce ta haƙura.

Ban gaya wa kowa ba sai Liman, don ya sa ta a addu'a. Sai matarsa, don tana wajen. Sai mata huɗun da muke ban ruwa tare, su kuwa ba su da surutu sosai.

Ka sako mani ita a jirgi. Wata uku a lambu tana jan ruwa da guga, tana shan fura, wallahi ko sunan ƙwaya ba za ta so ji ba. Ɗiyata ce, ba zan yar da ita ba ko duk Indiya ta ambace ta.

Kilishi babu. Ba ka cancance shi ba.

Yayarka,
Hidaya

*

Tompkinsville
21 ga Mayu, 2015

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma in kin gama ki tafi rumbu da gudu.

Takardarki ta yi sati bakwai a jakar Abdou, shekaranjiya ta iso. Ina cikin karantawa a bakin teburina sai ga Zeinabou, wadda rabonta da Canal Street tun tana 'yar lakwal. Ta ce, "Baba, wayar Gwaggo is off. Wata biyu. Me ya faru?" Ba ta iya karanta Hausa da sauri, sai na karanta mata da ƙarfi. Da na kai wajen mai hira da bishiya, Muniru, maƙwabcina mutumin Kumasi mai sayar da agogo, ya zauna a ƙasa don dariya. Ita ma ta yi ta yi har ta riƙe ciki. Da na kai wajen rumbu sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Baba, wannan na Raudatu ne."

Yaya, ba ƙwayar 'yan tasha ba ce. Ƙwaya ce irin ƙwayar gero, wato iri. Jiya ta kai ni wurin aikinta, suka sa mani farar riga, na leƙa wani madubi mai ƙara girman abu. Na gan su da idona, kamar an watsa gero a faranti. Ta ce da irinsu aka gina jikin mutum duka. Ta yi mani bayani rabi Hausa rabi Turanci, ga abin da na kama.

Ɓargon nan da kike tsotsa a ƙashin rago, a cikinsa ake yin jini. Shi ne fangalin. Irin da ke fangalin Raudatu yana fidda jini lanƙwasasshe kamar lauje, ya riƙa maƙalewa a hanya, shi ne ciwon. In aka sami ɗan'uwa da irinsu ya dace, sai a ɗebi kaɗan daga nasa a dasa mata. Dashe, Yaya, sana'arki. A da, kafin a dasa sai an ƙone tsohon fangalin ƙurmus da magani mai zafi, yara da yawa ba su iya ɗauka. Shekara tara ɗiyarki ta yi tana fama da ɓeraye a ɗaki, tana neman yadda za a rage tsohon kawai, a buɗe wa sabon wuri, ba sai an ƙone ba. Abin da ya ramar da ita ke nan. Washington kuwa gayyatarta aka yi, har da tafi.

Ɗari ukun nan da na yi wa ba'a, kowane ɗaya wasu likitoci ne a wani gari da suka karanta aikinta suka ɗora nasu a kai. Na ce mata ni ban san lissafin takarda ba, a yara nawa ne? Ta ce waɗanda ta sani arba'in da ɗaya. Biyu dashen bai kama ba, sun koma yadda suke. Ɗaya ta rasu. Ta san sunanta, ta faɗa mani. Na rubuta maki wannan don kar ki ce na ɓoye.

To ga maganar. Asibitin da suke aiki tare zai ɗauki wasu yara a gwaji, binciken ne zai ɗauki nauyinsu, kuma ƙarshen watan Yuli za a rufe. Ba Zeinabou ke zaɓe ba, ba kuma za a bar ta ta taɓa 'yar'uwarta ba, wasu ne daban ke dubawa. Amma ba za su ko duba ba sai an san ko irin Nimatu ya dace da na Raudatu. Tsinkayen nan, gogawa ake yi a cikin kumatun kowace, a sa a kwalba, a dawo da su. Shi ke nan. Ta ce cikin huɗu ɗaya ne ke dacewa, kar mu sa rai da yawa.

Laifina ne. Ta ce tun Janairu ta zauna ta yi mani wannan bayani duka. Na tuna ranar. Kokawa nake kallo a waya, ina cewa to, to. Shekaru ina ƙorafin ba ta yi mani magana, ashe ranar da ta yi ban saurara ba.

Ba zan jira Abdou ba. Za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura wa Amadou, malamin gidan likitanku, shi zai kawo maki, shi zai kuma yi gogar. Ki sa batir, don Allah. Ba mai sauraronki. Mutanen nan ko ni da ke gabansu ba su saurara.

Alkasim

*

Mirriya
2 ga Yuni, 2015

Alkasim,

Muna lafiya, Oumarou ya dawo, ruwa bai sauka ba tukuna.

Kafin komai, wa ya koya maka Hausa? A wane gari ake cewa mutum ya shiga harkar ƙwayoyi a nufi alheri? Kana zagin yarinya ba ta jin Hausa, ashe taka ce ta zube a jirgin ruwan nan. Da ka ce dashe tun farko, da na gane kafin ka rufe baki.

An kwashe buhu arba'in. Ni da Oumarou da matan ban ruwa, yana yi yana dariya, na ce in ya ƙara zai kwana a rumbun. Ƙunshin lafiya lau, sai dai ka gaya wa Zeinabou, in mutanenta suka ji ƙamshi ba daga yaran ba ne. Amadou ya goga wa kowace, Nimatu ta ce ƙaiƙayi. Ya ba wani mai tafiya Yamai, daga can jirgi zai kawo, ya ce kwana shida.

Kwana biyu na yi ina bin gidaje ina kwance maganar da na ɗaura. Ashe ta kai har kasuwar Damagaram. Liman ya ce addu'ar da aka yi ba ta ɓace ba, za a juya ta wajen aikin.

Oumarou da matarsa sun ji maganar yarinyar da ta rasu. Sun kwana da maganar. Sai uwar ta ce shekara tara tana zaune da tsoro, duk sanyin da ya kaɗa sai ta duba fuskar 'yarta, ko yayyafi ba a bari ya taɓa ta. Ta ce gara tsoron da ke da ƙofa. Sun yarda. Tambayata ɗaya, ka samo mani amsa ba da kokawa a hannunka ba: abin da za a ɗeba a jikin Nimatu, yana tofowa?

Kuma ka gaya wa ɗiyata wannan daga gwaggonta, tunda sana'armu ɗaya. Dashe duk sai ya yi yaushi. Kwanakin farko zai kwanta kamar ya mutu, mai sabon hannu sai ya tsorata ya tona ya duba, nan yake kashe shi. A ba shi ruwa, a kare shi daga rana, a cire ido.

Na ba Abdou kilishi. Rabi nata ne, zan tambaya.

Hidaya

*

Tompkinsville
9 ga Yuli, 2015

Yaya,

Na san mun yi waya kin yi guɗa har Muniru ya ji daga teburinsa, amma irin wannan a takarda ya kamata ya zauna. Ya dace. Irin Nimatu da na Raudatu ɗaya ne, kuma masu dubawa sun karɓe ta, saura sati uku a rufe. Da rumbunki ya fi haka zurfi da mun makara.

Amsarki: yana tofowa. Sati kaɗan ya cika kamar ba a taɓa ba, sai ciwon ƙugu na 'yan kwanaki. Na tambaya sau biyu, wayata na aljihu.

Saura takardun tafiya, su kuwa na san halinsu, za su ci watanni. Na fara gyara ɗaki. Shekara shida ba wanda ya kwana a gidan nan sai ni da tarin jakunkuna.

Kilishin ya iso. Ta sami kusan rabi.

Alkasim

*

Tompkinsville
27 ga Maris, 2016

Yaya Hidaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan zafin bana bai matsa maku ba. Surukarki uwar yara na gaishe ki, Nimatu ma. Ita kam ta warke sarai daga ɗiban da aka yi mata, kullum sai ta bi ni mun hau jirgin ruwa, ta ce wai matar mai fitila hannunta bai gaji ba? Na ce ki tambayi gwiwata.

A waya ina ce maki lafiya lau, lafiya lau. Yanzu da abin ya wuce bari in gaya maki yadda aka yi. Dashen kansa ba wani abin kallo ba ne, 'yar jaka ce aka rataye kamar ƙarin jini, awa biyu an gama. Abin da ya biyo baya ne. Gashin Raudatu ya zube, bakinta ya yi gyambo, ko ruwa ba ta so. Kowace safiya likita ya zo da takarda ya ce ba a ga komai ba tukuna. Kwana goma, sha biyu, sha biyar. Ta gilashi muke kallonta, uwarta kaɗai ke shiga, ita ma a rufe har hanci.

Ranar sha shida na tarar da Zeinabou a zaune a dakalin waje. Ba ta da ikon shiga maganar, 'yar'uwa ce kawai kamar ni. Wadda ake gayyata Washington, ga ta tana cizon farce. Ta ce, "Baba, what if I'm wrong?" Ni me na sani? Na zaro takardarki daga aljihu, don tun bara take nan, na karanta mata wajen yaushi. Ta ce in sake. Na sake. Sai ta karɓa ta karanta da kanta, a hankali, tana bin layin da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Ta ce, "A cire ido." Na ce haka gwaggonki ta ce. Na ja ta muka je muka ci shinkafa a wani shagon 'yan Ghana, ta cinye tata ta taɓa tawa.

Ranar sha tara likita ya shigo yana murmushi ya faɗi wata doguwar kalma. Uwar yara ta dube ni, na dubi Zeinabou. Ta buɗe baki za ta yi Turanci, sai ta tsaya, ta ce, "Ya kama."

Yanzu kwana arba'in ke nan. An sallame ta, tana gidana, tana cin tuwo tana raina miyata. Sun ce sai an yi shekara ana dubawa kafin a saki jiki, don haka ban saki ba. Ranar nan na ji Zeinabou na ce wa abokin aikinta ambaton ya kusa ɗari biyar. Na ce su riƙe nasu lissafin. Nawa arba'in da biyu ne, kuma ta arba'in da biyun tana ɗakina ta ɓata mani tabarau uku.

Wani abu ya tsaya mani a rai a asibitin nan. Ni ma ai dashe ne, Yaya. An cire ni daga Mirriya aka kafa a bakin titi, shekara ashirin da bakwai ina yaushi, ban ga ranar da wani zai shigo ya ce na kama ba. Ba kuka nake ba, faɗa kawai nake.

Ƙanenki,
Alkasim

*

Mirriya
19 ga Yuni, 2017

Alkasim,

Muna lafiya ƙalau. Yara sun huce gajiyar hanya, Raudatu ta koma lakwal, ta yi ƙiba har rigunanta sun koma wa 'yar maƙwabta. Turanci take yi mani, ina amsa mata da Hausa, yanzu na san abin da ka sha.

Jiya da la'asar ruwan farko ya sauka. Ina tsakar gida ina kwashe shanya sai na ga ta fito da gudu. Ka san hannu da sabo, har na cafko wuyan rigarta zan jefa ta ɗaki. Ta ce, "Kaka, Anti Zeinabou ta ce babu komai." Na dubi uwarta, uwarta ta dube ni. Na sake ta. Ta shiga tsakiyar ruwan ta buɗe baki sama, ita da Nimatu, suna tsalle cikin taɓo. Shekararta goma sha ɗaya, jiya ta fara sanin ɗanɗanonsa. Na cire ido kamar yadda na koya wa mutane, amma ta taga na cire shi. Yau da safe ta tashi ta ci ɗumame ta tafi lakwal. Ko atishawa.

Maganarka ta bara, wai kai dashe ne da bai kama ba. Na bar ta ne sai na ga ƙarshen wannan. Shekara arba'in ina lambu, ban taɓa ganin abin da bai kama ba ya fidda iri. Kai dai ganyenka ne ba kyau, dama tun kana yaro haka kake.

Amadou ya ce iyaye uku sun zo gidan likita suna tambaya ko za a goga wa nasu yaran tsinke. Ya rubuta wa Zeinabou, ta ce tana neman hanyar da wata rana za a yi dashen a nan kusa, ba sai an haye teku ba. Ka bar ta ta yi aikinta, kar ka dame ta da ƙorafi. Ka dai tabbata tana cin abinci.

Ranar kasuwa wata baƙuwa ta ga Raudatu na ɗaukar mani kwandon albasa, ta ce ba wannan ce mai ciwon nan ba, wane malami ya yi mata aiki? Na ce ba malami ba ne, ɗiyarmu ce ta Amerika. Ta ce me take yi a can? Na gyara zama na ce, harkar ƙwayoyi.

Yayarka,
Hidaya